Na-Dama da Kujerar Hagu

A kamfanin jiragen nan babu wanda bai san Na-Dama ba, tun daga mai shara har manaja. Ba sunan yanka ba ne, kujera ce ta jawo masa. A gaban kowane jirgi kujeru biyu ne. Ta hagu ta kyaftin ce, mai igiya huɗu a kafaɗa, wanda in ya yi magana ta zauna. Ta dama kuma ta mataimakinsa ce, mai igiya uku. Yawancin matuƙa sukan ɗan taɓa zama a dama, su tsallaka hagu tun gashinsu yana baƙi. Shi kuwa bawan Allahn nan ya zauna a dama har furfura ta keto masa a gemu, har yaran da ya nuna wa ƙofar ɗakin matuƙa ranar da suka fara aiki suka zama kyaftin, suna zaune a hagunsa suna ba shi umarni. To, sai sunan ya bi shi, shi ma yana amsawa, ko a jikinsa.

Kada wani ya ce ko bai iya tuƙi ba ne. Haba! In Na-Dama ya sauke jirgi, sai fasinja ya leƙa taga kafin ya yarda an taɓa ƙasa. Kunnensa kuma ya san inji kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Aibinsa a wurin mutane guda ɗaya ne tak. Ba ya taɓa wani abu mai muhimmanci a jirgi sai ya ɗora hannu a kai, ya faɗi sunan abin da ƙarfi, ya ce, “Tabbatar,” sannan ya jira. Ƙa'idar aiki ce, kowane matuƙi an koya masa ita. Sai dai da yawa baki na faɗa, hannu ya riga ya gama aikin. Shi kuwa jira yake yi na gaske, har sai na kusa da shi ya duba da idonsa ya ce, “Na tabbatar.” Ko ƙararrawa za ta tsage masa kunne, sai ya ji kalmar nan.

Abin har gida ya bi shi. Zai kashe wutar wani ɗaki don ya gyara soket, sai ya ɗora hannu a kan makunni ya ƙwala wa matarsa kira.

“Maman 'yan biyu! Na kicin ne wannan. Tabbatar.”

Ita kuwa tela ce, kullum tana kan kekenta a falo. Sai ta miƙa wuya ta leƙa, ta ce, “Na tabbatar, Baban 'yan biyu. Don Allah kashe ka bar ni in ji da ɗinkin mutane.”

'Yan biyun nasu, duka mata, tun suna ƙanana suka mai da abin wasa. Ɗaya za ta ɗora hannu a kan naman da ke kwanon 'yar'uwarta ta ce, “Tabbatar,” ɗayar ta buge hannun ta ce, “Wallahi ban tabbatar ba!”

Halin nan yana da asali, kuma ba abin dariya ba ne. Na-Dama ba da tuƙi ya fara ba, da sifana ya fara. Mahaifinsa mai gyaran fanka da rediyo ne a wani ɗan shago kan titin da ke zuwa filin jirgi, a nan ya koyi kwance abu ya mayar ba tare da ƙusa ko ɗaya ta yi saura a kan tebur ba. Daga shagon ya samu shiga rumfar gyaran jirage. Yana makanike, hannu duk baƙin mai, yana kallon matuƙa suna wucewa da fararen riguna. A cikinsu akwai wanda ya fi burge shi, wani dogon kyaftin mai fara'a, wanda kan tsaya ya gaisa da makanikai har ya tambayi lafiyar iyayensu. Saurin hannunsa ake yabo. Ana cewa kafin ƙararrawa ta gama kuka shi ya gama maganin matsalar.

Wata safiya jirgin dogon kyaftin ya tashi ya faɗa cikin garken tsuntsaye. Bai yi nisa ba ya faɗo a wata gona bayan shingen filin. Mutane da yawa suka rasu, har da shi. Da aka kwaso injinan biyu aka kawo rumfa, Na-Dama yana cikin makanikan da masu bincike suka sa su kwance su. Na farko ya yi kaca-kaca daga ciki, ƙarafansa sun lanƙwashe, gashin tsuntsu ya ƙone ya manne ko'ina, ga ƙauri ya cika rumfar. Na biyu kuwa suka bi shi ƙusa bayan ƙusa suna neman laifinsa, ba su samu ba. In ban da buguwar faɗuwa, lafiyarsa ƙalau. Kashe shi aka yi. Cikin ruɗani dogon kyaftin ya kashe mai lafiyar ya bar mai ciwon, kuma da saurin nan nasa ya yi, kafin mataimakinsa ya buɗe baki.

Ran nan Na-Dama bai iya cin abinci ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne mutumin nan ba sakarai ba ne, ba rago ba ne, gwani ne na gaske. In har hannun gwani zai iya yin haka, to hannun kowa ma zai iya. Bayan wasu shekaru kamfani ya zaɓi makanikai kaɗan ya tura su makarantar tuƙi. Yana cikinsu, ga aure, ga 'yan biyu ana goyo. Ya tafi, ya dawo da farar riga, amma injin nan mai lafiya bai taɓa fita daga ransa ba.

Hanyar hawa kujerar hagu a fili take. In mataimaki ya daɗe yana tuƙi yadda ake so, sai a kira shi jarrabawa. Ana farawa da akwatin gwaji, wani ɗaki ne da aka ƙera kamar gaban jirgi, yana jijjiga yana ƙara, mai jarrabawa yana zaune a bayanka yana ƙirƙiro maka masifu iri-iri. In ka tsallake akwati, sai ka tuƙa jirgi na gaske daga kujerar hagu, da fasinjoji a ciki, mai jarrabawa yana gefenka yana kallon duk motsinka. Sau uku kamfani yake kiran mutum. In ya faɗi ta ukun, shi da kujerar hagu sai kallo har ya yi ritaya.

Ta farko, mai jarrabawa ya ce Na-Dama yana da nawa. Ta biyu, bayan an ja lokaci, wani ya dube shi ya ce, “Malam, kyaftin ba ya neman izini. Kai kuwa komai sai ka tsaya kamar mai roƙo.” Duka biyun a akwati ya tsaya. Abin ya yi masa ciwo, ba a ɓoyewa. Abin da ya fi ciwon ma yana gida. Tun kafin ta farkon, Maman 'yan biyu ta sayo baƙin ƙyalle da zare ruwan zinariya, ta zauna ta ɗinka masa alamar kafaɗa guda biyu masu igiya huɗu da hannunta. Da ya dawo ta ga fuskarsa, sai ta tura su cikin aljihun keken ɗinki, ƙarƙashin tarkacen zare da maɓallai. Ba ta ƙara tayar da zancen ba. Shi ma bai taɓa yi ba, amma duk sanda ya zo neman almakashi sai ya gan su.

Bana aka kira shi ta uku, ya tsallake akwati lafiya lau. Ya yi 'yan tafiye-tafiyen koyo a kujerar hagu, saura jirgin jarrabawa kawai.

Ana gobe za a yi, ya shiga ɗakin matuƙa da rana. Ɗaki ne mai kujerun roba da butar shayi da ba ta hutawa, ga jakunkuna jingine a bango, ga wani allo da ke nuna yanayin sama. Damina ta sauka, an yanke ciyawar gefen titin jirgi, ƙwari sun fito, belbela da shirwa kuma sun ji labari. Don haka hirar ranar ta tsuntsaye ce. Mai riƙe da ita kuwa Kyaftin Wuf ne, abokin Na-Dama tun makarantar tuƙi, wanda ya tsallaka hagu tun da daɗewa. Sunan nasa ma ya ishe ka bayani.

“Ni fa shirwar da ta doki gilashina bara,” in ji Wuf, “har ido muka haɗa. Ta dube ni na dube ta, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya kauce. Ita ba ta da birki, ni ba ni da oda.”

Aka tuntsire da dariya. Wani matashin matuƙi ya ce shi tsuntsu ba ya ba shi tsoro, tunda jirgi yana iya tafiya da inji ɗaya.

Na-Dama ya ajiye kofinsa ya ce, “Gaskiyarka, yana iyawa. Tsuntsu inji ɗaya yakan ci. Na biyun mu ne muke ba shi da hannunmu.”

“Ka ji shi ko!” Wuf ya buga cinya. “Ya fara wa'azi. Kai, Na-Dama, zo nan in gaya maka gaskiya don Allah.” Ya ja shi gefen taga ya rage murya. “Ka san wadda za ta zauna da kai gobe? Barkono ce.”

Kyaftin Barkono 'yar ƙaramar mace ce, ba ta da yawan magana, amma in ta yi sai ido ya yi ruwa. Masu jarrabawa duk ita aka fi shakka. Makon da ta fara aiki, Na-Dama ne ya zaga da ita ƙarƙashin jirgi ya koya mata yadda ake leƙa bakin inji da tocila, tun daga lokacin Yaya take ce masa. Amma kowa ya san a wurin jarrabawa Barkono ba ta da yaya ba ta da ƙane.

“Ka saki hannu gobe,” in ji Wuf. “Ka faɗi kalmar, ba a hana ka ba, amma kada ka tsaya kana jiran amsa kamar wanda ya yi sallama a ƙofar gida. Sau biyu abin nan yana kayar da kai. Ka iya aikin nan fiye da mu duka, kai ma ka sani. Ka nuna mata kai ne mai jirgin.”

“Na ji, Kyaftin.”

“Ji kawai? Wannan ce ta ƙarshe fa.”

“Na san lissafin,” in ji Na-Dama yana murmushi. Ya fita yana taku irin na wanda ya yarda da kansa, don ya yarda ɗin. Amma maganar ta bi shi har mota.

Da yamma yana gida, fankar ɗakin 'yan biyu ta ƙi juyawa. Ya je gaban makunnan wuta ya ɗora hannu, baki har ya buɗe, sai ya rufe shi ya danna. Wutar ɗakin ta ɗauke, daidai wadda yake so. Ya gyara fankar ya fito yana goge hannu, sai ya tarar keken ɗinki ya yi shiru, matarsa ta zuba masa ido ta saman tabarau.

“Yau ba ka kira ni ba.”

“Ina koyon sauri ne. Kin gani kuwa, daidai na kashe.”

“Iye! Shekara da shekaru ina amsa maka kyauta, yau rana ɗaya ka sallame ni daga aiki?” Ta zare tabarau ta ajiye. “Baban 'yan biyu, ina son kujerar nan, wataƙila ma na fi ka so. Amma in sai ka zama wani mutum daban za su ba ka, su riƙe abarsu. Ni wanda nake rakawa ƙofa kullum shi nake so ya dawo mini.”

Ya yi dariya ya ce ta cika tsoro. Ita ba ta yi dariya ba, ta mai da ƙafa kan keke ta ci gaba da ɗinkinta.

Washegari gari ya waye da sanyin ruwan da aka kwana ana yi. Kwaltar filin tana sheƙi, motocin kaya suna kai da kawowa. Na-Dama ya zaga jirgin da tocilarsa, ya shafa taya, ya leƙa bakin kowane inji kamar yadda ya saba. A gindin matakala ya tarar da Barkono.

“Yaya, ina kwana? Ya mutanen gida?”

“Lafiya lau, ƙanwata. Suna gaishe ki.”

“Ina amsawa.” Ta nuna ƙofar jirgin da haɓa. “Daga can kuwa ba ni da yaya.”

“Ni ma ban zo da ƙanwa ba.”

Ya zauna a hagu. Komai na nan yadda ya san shi, sai dai an juya masa. Taga tana hagunsa, sandunan inji guda biyu da ke tsakanin kujerun kuma yanzu hannun damansa ne ke kansu. Fasinjoji suka gama shiga, aka rufe ƙofa. Mai hasumiya ya gaya musu ta rediyo cewa an ga tsuntsaye a ƙarshen titi, amma motar kora ta je ta watsa su. Na-Dama ya yi bismillah ya tura sandunan gaba. Jirgi ya zabura, ya ɗaga hanci, tayoyi suka naɗe.

Ba su gama wuce shinge ba ya gan su. Garken belbela ne, fari fat, ya taso daga wata jiƙaƙƙiyar gona, ya bi ta gefen tagarsa kamar an watsa takardu. Dum! Dum-dum! Jirgin ya girgiza, hanci ya nemi karkacewa, ƙararrawa ta ɗauka, ƙaurin nan da ya sani tun yana makanike ya cika musu hanci.

Tsoro ya zo, babu ƙarya, amma ya tarar da aiki a gabansa. Ƙafarsa ta taka inda ya dace ta miƙar da hanci.

“Jirgi yana hannuna,” ya ce.

“Yana hannunka,” in ji Barkono. Jarrabawa ta zama gaske, duka biyun sun sani.

Ya riƙe jirgin yana hawa a hankali har suka yi nisa da ƙasa yadda ake so. Kujeru sai rawa suke yi, allo ma da ƙyar ake karanta shi. Injin da ya ci tsuntsu dole a kashe shi tun bai kama da wuta ba. Wanne ne? Ai da idonsa ya gani, ta gefensa suka shiga. Kuma duk tsawon shekarun nan, tun yana da baƙin gemu, gefensa shi ne dama. Tagarsa dama, fiffikensa dama, injinsa dama. Kafin tunani ya iso, hannu ya riga ya sauka a kan sandar.

“Injin dama,” ya ce. “Tabbatar.”

Shiru. Barkono ta sunkuya tana ƙura wa allo ido, lambobin suna tsalle saboda girgiza. Yatsunsa suka matse sandar. Ya ji muryar Wuf a kunnensa sarai, ka saki hannu, ka nuna mata kai ne mai jirgin. Ba shi da shakka ko kaɗan, ya san abin da ya gani. Ja ɗaya ne kawai, girgizar ta tsaya, a ce Na-Dama ya yi abin maza. Kuma duk daƙiƙar da ta wuce, gani yake ana ƙara rubuta masa nawa. Amma bai ji kalmar ba. Ya cije leɓe ya jira.

“Ban tabbatar ba!” Muryarta ta fito kamar bulala. “Hagu ne. Dubi allo.”

Ya duba. Na hagu ya yi ja, zafinsa ya haye sama. Na dama kuwa yana aikinsa lafiya ƙalau, shi kaɗai ke riƙe da su da duk mutanen da ke bayansu. Kuma a kan sandarsa hannunsa yake. Innalillahi. Ya ɗage yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya mai da su kan ɗaya sandar.

“Injin hagu. Tabbatar.”

“Na tabbatar.”

Ya ja. Suka bi sauran matakan tare, shi yana faɗa ita tana dubawa, ita tana faɗa shi yana dubawa, har girgizar ta kwanta. Daga nan kuwa sai ka rantse ya shekara goma a kujerar. Ya sa Barkono ta gaya wa mai hasumiya za su juyo, a share musu titi. Ya kira shugabar ma'aikatan cikin jirgi ya gaya mata abin da za ta shirya, a taƙaice. Sannan ya ɗauki abin magana ya ce wa fasinjoji tsuntsaye sun lalata inji ɗaya, ɗayan yana nan da ƙarfinsa, za su koma su sauka, kowa ya ɗaura bel ya kwantar da hankalinsa. Ya faɗa da muryar da yake tambayar shayi da ita. Ya kewayo ya daidaita hanci da titi, motocin kashe gobara sun yi layi suna jira. Ya ajiye jirgin a hankali da inji ɗaya, har sai da aka ji tafi da kabbara daga baya kafin wasu su yarda an sauka.

Bayan an gama tambayoyin ofis da na likita, bai nufi ɗakin matuƙa ba. Ya san Wuf yana can yana jiransa da ihu da runguma, shi kuwa ba ya jin zai iya. Ƙafafunsa suka kai shi tsohuwar rumfarsa, inda aka ja jirgin. Makanikai sun buɗe injin hagu. Ƙarafa sun lanƙwashe, farin gashi ya ƙone ya manne, ƙaurin bai canza ba ko kaɗan. Ya zaga ɗaya gefen ya tsaya gaban na dama. Ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin, da sauran ɗumi.

A nan Barkono ta same shi.

“Ba sai kin wahalar da bakinki ba, ƙanwata,” ya ce, bai juyo ba. “Na san inda hannuna ya sauka. Ta gefena suka shiga, ni kuwa jikina bai san wani gefe ba sai dama. Rubuta abin da kika gani, ba zan riƙe ki a rai ba.”

“Zan rubuta kuwa, ba zan rage komai ba.” Ta zo ta tsaya kusa da shi, kanta bai kai kafaɗarsa ba. “Yaya, ka san mutum nawa na gani a akwati sun ɗora hannu a kan sandar da ba ita ba? Manya-manya, masu igiya huɗu. Ba ɗorawar ke ba ni tsoro ba. Yawancinsu kafin in buɗe baki sun ja, sai in kunna fitila in ce kowa ya mutu, a sake daga farko. Yau babu fitilar da zan kunna.”

Ya juyo ya dube ta, ta ci gaba.

“Ba da gangan na yi shiru ba, allon ne ya ƙi tsayawa in karanta. Na ga yatsunka, na san kana son ja. Ga jarrabawa a wuyanka, ga sunan nawa da aka liƙa maka. Amma ka tsaya har na duba.” Muryarta ta sauka. “Ina da yara biyu a makaranta, Yaya. Da yamman nan ni zan je in ɗauko su.”

Ta gyara hularta, Barkonon ta dawo. “Za ka koma akwati kwana biyu, ni da kai, sai na wanke maka daman nan daga hannu tas. Zan wahalar da kai, kada ka ce ban gaya maka ba. Bayan haka kujerar taka ce.” Ta juya za ta tafi, sai ta waiwayo. “Sannu da aiki, Kyaftin.”

Na-Dama ya daɗe a wurin, hannunsa a kan murfin injin. Wani tsohon makanike da suka yi aiki tare ya zo wucewa, ya ga idonsa, ya ce ƙaurin nan yana sa hawaye. Na-Dama ya ce ƙwarai kuwa.

Rana ta yi sanyi ya isa gida. Labarin jirgin ya riga shi zuwa, ya kuma kira matarsa tun daga filin ya ce lafiya yake, amma bai gaya mata sauran ba. Ya tarar da ita zaune gaban keke, ƙyallen da ta sa tun safe yana nan ƙarƙashin allura, ko taku ɗaya bai ƙaru ba. 'Yan biyu suka taso suka rungume shi suna kuka suna dariya, yanzu duk sun yi tsawon uwarsu. Ita ba ta tashi ba, kallonsa kawai take yi daga sama har ƙasa, kamar tana duba ko an rage wani abu.

Ya zauna a hannun kujera ya ba ta labarin duka. Bai tsallake inda hannunsa ya sauka ba, bai tsallake yadda ya so ya ja ba. Da ya zo wurin shirun nan sai ta rufe bakinta da mayafi.

“Sai me?” ta ce.

Ya tashi ya matsa kusa da keken. Ya miƙa hannu ya jawo aljihun keken, ya ture zare da maɓallai gefe. Suna nan inda ta tura su, zaren ya ɗan dushe, ƙyallen ya yi ƙura. Ya ɗora hannunsa a kai.

“Igiya huɗu,” ya ce. “Tabbatar.”

'Yan biyu suka matso kusa. Maman 'yan biyu ta lalubo tabarau ta sa. Ta zare kafaɗun daga ƙarƙashin tafinsa, ta hure ƙurar, ta kai su kusa da taga inda haske yake. Ta bi igiyoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta gama da ta farko ta ɗauki ta biyu, ba ta yi sauri ba ko kaɗan. Shi kuwa yana tsaye yana jira.

“Na tabbatar,” ta ce. “Cire rigar in ɗaura maka.”